Yawu da Sunan Uwa

Liyon, 9 ga Janairu, 2023

Zuwa ga taubashiyata Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Yaya Garwa, yaya maigida Malam Hassan da yara? Yaya ƙafar Gwaggo Laila, tana dai takawa? Mu nan sai sanyi, ina tuƙa bas da safar hannu kamar mai sauke tukunya. Uwargida Fati tana gaishe ki.

Na san za ki ce bawanki bai taɓa rubuto miki layi biyu ba sai yau da yake da buƙata. Faɗi, kin yi gaskiya. Kakanki namiji ne, kakata ƙanwarsa ce, bakinki ya fi nawa tun kafin a haife mu. Na ɗauki biro ne don sau uku ina danna lambarki ina kashewa. Maganar ta ƙi fita a bakina.

Mai sunan Inna ce ba lafiya, 'yar farina. Tun azumin bara take shiga da fita lopital, asibiti ke nan. Ciwon dajin jini ne. An yi magani ya kwanta, ya sake tashi. Yanzu likitoci sun ce abu ɗaya ya rage: a samo mai lafiya wanda ƙwayoyin ɓargonsa suka dace da nata, a ɗiba a sa mata, jikinta ya fara sabon jini. Ni tsohon ciwon hantata ya hana a ɗauki nawa. Na uwarta an gwada, jikin yarinyar zai yaƙe shi. Ƙaninta bai dace ba. An duba babban kundin masu bayarwa, mutum miliyoyi, ba a samu ba, don irinmu kaɗan ne a ciki. Likitar ta ce in nema a inda kakannina suka fito.

Shi ne na tuna ke ke riƙe da takardun ma'aikata a masana'antar sabulun Alhaji Abdelkerim, kuma rabin mutanen wurin 'yan Hausare ne da Mayo-Oulo, inda tushenmu yake. Wata ƙungiya a nan ta ba ni kwali mai kayan gwaji ɗari da ashirin. Ba allura, ba jini. Tsinke ne mai auduga a kai, a goga cikin kumatu, a sa a ambulan, a cika takarda. Rostand abokin aikina zai kawo miki in ya zo hutu.

Roƙo ɗaya nake yi. Kada ki ambaci sunanta, kada ki nuna hotonta. Ki ce wata yarinya ce a Turai. Kin san sunan wa take ɗauke da shi, kin kuma san shekara goma sha ɗaya ban taɓa kama shi da bakina ba. Ba na son ya zama abin yawo a bakin 'yan depon masana'antarku.

Naki,
Mahfuzu

Garwa, 2 ga Fabrairu, 2023

Bawana Mahfuzu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Gwaggo tana takawa da sanda tana zagin sandar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi da kana kusa da sai na mare ka kafin in yi kuka. Wata tara kana riƙe da wannan a ciki kamar ba ka da dangi? Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ce.

Kwali ya iso. Patron Alhaji Abdelkerim bai yi musu ba, ya ba ni rabin awa bayan azahar ranar Litinin, ƙarƙashin darbejiyar bakin depo, inda ake jibge kaya. Na ɗauki Colette, ma'aikaciyar jinyarmu, 'yar Kaélé, ta tsaya kusa da ni. Na ce musu gonar jinin wata yarinya ce ta ƙone, iri ake nema a sake shukawa, kuma ba kowane iri ƙasar za ta karɓa ba. Manoma ne yawancinsu, nan take suka gane. Lionel direba ya tambaya ko fasa ƙashi za a yi a zuƙe ɓargon kamar ƙafar saniya. Aka yi ta dariya. Colette ta ce a'a, wanda ya dace allura za a yi masa na 'yan kwanaki, sannan inji ya ja jini ta wannan hannu, ya tace abin da ake so, ya mayar da sauran ta ɗaya hannun. Na ƙirga hannu sittin a sama. Har na fara yabon kaina.

Sai Colette ta karanta takardar: suna, ranar haihuwa, sunan uba, sunan uwa.

Akwai wani dattijo, Malum Oumar, mai kula da tukunyar dafa sabulu. Shekara talatin yana wurin, samari ba sa tsallake maganarsa. Ya miƙe a hankali ya ce, “'Yata Sadiƙa, dakata. Yawun mutum, da sunansa, da sunan uwarsa, a ƙulle a takarda a kai wata ƙasa? Ni a rayuwata mutum ɗaya na sani mai neman abubuwan nan uku tare, kuma ba likita ba ne.”

Bai ce boka ba, amma kowa ya ji. Hannuwa suka dinga sauka ɗaya bayan ɗaya. Na ce to a bar layin uwar. Colette ta ce ba zai yiwu ba, don Oumar Hassan kaɗai muna da huɗu, kuma rabin ma'aikata a takarda ɗaya ga Janairu aka haife su, da sunan uwa ake bambancewa. Malum ya ce, “Ban ce ke za ki cuce mu ba. Amma yarinyar 'yar wa ce? Mai neman sunan uwata ya fara faɗin na tasa.”

Sunan yana bakina, alkawarinka ya ɗaure min harshe. Mutum tara suka goga, har da ni da Colette. Tara, Mahfuzu!

Na ji haushin tsohon nan kwana biyu, sai na ga gaskiyarsa. Kai kana ɓoye suna ɗaya don kunya, kana so mutum ɗari su miƙa nasu ga wanda ba su gani ba. Na san kara, ni ma ban taɓa kiran ɗan farina da sunansa ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka sake min baki. Ka zaɓa, kunyarka ko numfashinta.

Uwar gijiyarka,
Sadiƙa

Garwa, 10 ga Maris, 2023

Mahfuzu,

Sallama. Muna lafiya, zafi ya sauka, Binuwai ta janye har yashi ya fito. Yaya mai jiki?

Mako biyar ke nan ba amsa. Na kira, wayarka a kashe. Na kira Fati, ba ta ɗauka ba. Na san layin da ya ɓata maka rai, na ƙarshen nan. Malam Hassan ya ce na yi kaushi, ba a yi wa mai jinya irin wannan magana ko da taubashi ne. To, ka yi haƙuri da yadda na faɗa. Abin da na faɗa kuwa ba zan janye ba.

In fushi kake, ka yi fushinka bayan Sallah, ina nan ba inda za ni. Azumi saura kwana goma sha uku. Da an ga wata babu mai yarda a sa masa auduga a baki da rana, kuma da an tashi aiki kowa gida yake nufa. Ka ga an rasa wata guda cur. Ambulan taran nan na aika. Sauran ɗari da sha ɗaya suna ƙarƙashin teburina, kullum sai ƙafata ta taɓa kwalin.

Sau biyu na kai bakin ɗakin tukunya zan gaya wa Malum Oumar komai, na dawo. Amanarka ce, ba tawa ba. Amma ina jin tsoro, Mahfuzu. Ko kalma ɗaya ce ka rubuto, in san tana nan.

Sadiƙa

Liyon, 14 ga Maris, 2023

'Yar'uwata Sadiƙa,

Tana nan. Alhamdu lillahi, tana nan.

Ba fushi ba ne ya hana ni, ko in ce ba shi kaɗai ba. Kwana biyu bayan wasiƙarki ta farko zazzaɓi ya kama ta, aka sa ta a ɗakin da ba a shiga sai da riga da takunkumi, waya kuma a bar ta a waje. Mako uku muna tsakanin tsoro da addu'a. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, maganarki ta soke ni. Na ce a raina, Sadiƙa tana ganin ba na son 'yata ke nan? Na rubuta miki amsa mai zafi na yaga.

Rannan wata ma'aikaciyar jinya ta tsare ni a ƙofa, sabuwa ce, ta ce wa na zo gani. Na ce ɗaki na shida. Ta ce sunan mara lafiyar fa? Na tsaya ina kallonta, har ta ɗauka ba na jin Faransanci. Sai da Fati ta fito ta faɗa. A nan na ji kunyar kunyata.

Ga takarda ta biyu, ki karanta musu kamar yadda take. Akwai ƙaramin ambulan tare da ita, na Malum Oumar ne. Wata baiwar Allah mai sauka Garwa jibi za ta kawo.

Zuwa ga Malum Oumar da dukan ma'aikata, Musulmi da Kirista.

Ina gaishe ku da aiki. Malum ya yi tambaya, kuma tambayarsa daidai ce. Sunana Mahfuzu, ɗan Muhaimin tela na Hausare. Sunan mahaifiyata Halime, mai koko da ƙosai a bakin gada, Allah ya jiƙanta. Yarinyar da ba ta da lafiya 'yata ce, 'yar farina. Sunanta Halime.

Shekararta goma sha ɗaya. Ba ta taɓa zuwa Garwa ba. Tana jin Hausa, tana amsawa da Faransanci. Ba ta yarda akwai dorina a Binuwai ba, ta ce ƙarya nake yi mata. Gashinta ya zube, ta ce ta huta da kitso. In ba a samu wanda ya dace da ita ba, likitoci ba su sa mata ran wani azumin ba.

Ba na tilasta wa kowa. Yawuna ba shi da amfani gare ta, amma na goga tsinke ɗaya, na rubuta sunana da na uwata a bayan ambulan. A ba Malum ya ajiye. In wani abu ya sami ɗayanku ta dalilin takardar nan, nawa yana hannunsa.

Mahfuzu ɗan Halime, uban Halime

Garwa, 21 ga Maris, 2023

Bawana,

Alhamdu lillahi da tana nan. Na yi sujada a kan simintin ofis, Colette ta ɗauka faɗuwa na yi.

Jiya na tara su. Na karanta da Hausa, Lionel yana juyawa da Fillanci, Colette da Faransanci. Da na zo wurin sunan sai da na sha ruwa. Ni da na san ka tun kana yawo ba wando, ban taɓa zaton zan ga kalmar nan da rubutun hannunka ba, har sau huɗu.

Malum Oumar bai bari an gama juyawa ba. Ya ce, “Halime ta bakin gada? Mai ludayin duma da ya tsage ta ɗinke shi da zare?” Na ce ita. Ya cire hula ya riƙe. Ashe lokacin da ya zo daga Mayo-Oulo yana saurayi bai san kowa ba, a rumfarta yake karyawa, ita ce ma ta nuna masa ƙofar masana'antar nan. Ya ce, “Kai, jama'a! Jikar Halime ce ake ɓoye mana?”

Na miƙa masa ambulanka. Ya juya shi, ya karanta bayansa. Sannan ya sa a cikin hular ya mayar kansa, ya buɗe baki ya nufi Colette. Ta ce, “Baba, shekarunka sun wuce, ba a karɓa.” Ka ga faɗa! Wai shi da yake ɗaga buhun soda za a ce wa tsoho? Da ya ga ba ci, sai ya ɗauko kujera ya zauna a bakin layi. Duk wanda ya zo sai ya ce, “Faɗi sunan uwarka da ƙarfi, ba abin kunya ba ne yau.” Ƙarti masu gemu suna sunkuyar da kai suna raɗa sunan uwa kamar sababbin amare. Na yi dariya har hawaye, daga baya na lura ba na dariya ba ne.

Ba kowa ya yarda ba. Wasu sun ce su dai a'a, ban matsa ba, Malum ma bai matsa ba. Mutum tamanin da biyar suka goga, da taran farko casa'in da huɗu. Kafin in rufe kwalin Malum ya yi masa tofi, Colette ta yi alamar gicciye ta ɗaya gefen. Gobe zai bi jirgi.

Colette ta ce in gaya maka gaskiya: a casa'in da huɗu ba lallai a samu ba, wasu na neman dubbai su rasa. Mun dai yi namu. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Sadiƙa

Liyon, 6 ga Yuni, 2023

Taubashiyata,

Gaisuwa ga kowa, barkanmu da ganin damina in ta sauka wajenku.

An samu. Likitar ta ce ba cif ba ne, tara cikin goma, amma za su yi da shi. An sake gwada jininsa ya tabbata. Ƙungiyar ta ce daga kwalinki ya fito, su za su yi masa takardun tafiya, a ɗiba a wani gari ba nan ba. Na ce wane ne? Suka ce doka ta hana, mai bayarwa da mai karɓa ba a haɗa sunansu. Ji fa! Ni da na tsaya gaban mutum ɗari na tuɓe hula, yanzu ni ake ɓoye wa suna.

Sadiƙa, babu mai barin masana'antar nan mako biyu ba tare da kin sa hannu a permisiyon ɗinsa, takardar hutu, ba. Ke kin sani. Don Allah, don zumunci, ki gaya min. Ina so in san sunan da zan sa a addu'a.

Mahfuzu

Garwa, 19 ga Yuni, 2023

Bawan Allah kuma bawana,

Allahu akbar! Gwaggo Laila ta yi guɗa har ta manta sandarta a tsakar gida. An yi ruwa sau uku, kowa lafiya.

E, na sani. Na sa hannu ranar Alhamis. Kuma ba zan faɗa ba. Ba ni ba ce, kada ka fara, nawa bai dace ba kuma har yau ina jin haushi. Ba zan ma ce maka namiji ne ko mace ba, “mutumin” zan ce, ka ɗauka yadda ka so.

Mutumin ya shigo ofis ya rufe ƙofa. Bai taɓa hawa jirgi ba, bai taɓa wuce Ngaundere ba, tsoron allura kuma kamar yaro. Na ce in yana son fasawa ba mai zarginsa. Ya ce, “Tun ranar da kika karanta takardar nan nake ganin yarinya mara gashi tana neman dorina.” Na nuna masa wasiƙarka. Ya ce in gaya maka kai dole ta sa ka faɗi suna, shi ba abin da ya sa shi dole. In ka san shi za ka yi ta godiya, kai da 'yarka ku zauna da nauyinsa har abada, shi kuma ba ya son ganin yarinya tana sunkuyar masa da kai. A takardar hutu na rubuta “hidimar iyali”. Ban yi ƙarya ba.

Wata biyar da suka wuce ka ɗaure min baki na sha wuya, yanzu wani ya ɗaure, sai ka ɗanɗana. Addu'a kuwa ka yi ta, wanda kake roƙo ya san sunan.

Malum Oumar ya ce ambulanka yana nan cikin hula, ya sha zufa har tawada ta baje. Ba zai ba kowa ba sai Halime ta zo da ƙafarta ta karɓa.

Uwar gijiyarka har gobe,
Sadiƙa

Liyon, 8 ga Agusta, 2023

Sadiƙa,

Assalamu alaikum. A gaida Gwaggo, da Malam Hassan, da Colette, da Malum da hularsa. A gaida mutumin, in ya dawo lafiya. Na daina tambaya.

An sa mata ranar sha takwas ga Yuli. Na zaci wani babban aiki zan gani. 'Yar leda ce ja, an rataye ta a ƙarfe, tana ɗiga a hankali. Na zauna ina kallonta ina cewa wannan daga Garwa ta zo, wataƙila da ƙosan bakin gada aka gina ta.

Kwana goma sha tara babu labari, bakinta duk gyambo, ko ruwa ba ta iya haɗiyewa. Jiya da safe likitar ta shigo da takarda ta ce irin ya kama, sabon jini ya fara fitowa. Ta ce kada mu yi saurin murna, shekara guda ana tsaro, jiki na iya juyawa. Na ji. Amma jiya ta sha kunu cokali huɗu.

Bayan likitar ta fita na matsa bakin gadon. Idonta a rufe. Kullum “ke” nake cewa, ko “Mamana”. Ban shirya ba, kawai na ji na ce, “Halime.”

Ta buɗe ido ta leƙa bayana tana neman wanda ya kira. Babu kowa sai ni da takunkumina. Ta dawo da ido kaina, sannan ta ce, da Hausarta mai karkata, “Baba, ashe ka san sunana?”

Sadiƙa, shekara goma sha ɗaya ina ganin girmama ta nake yi. Ban taɓa tambayar yadda abin yake a kunnenta ba. Na ce na sani, ni na raɗa miki shi a kunne kina da kwana bakwai, tun daga ranar nake ajiye da shi. Ta ce to in sake faɗa. Na sake. Ta ce in ƙara.

Ki gaya wa Malum ya riƙe ambulan da kyau. Halime ta ce za ta zo, amma sai an fara nuna mata dorina.

Bawanki,
Mahfuzu